Baƙin Layi a Kan Idon Auta

Inna, kamar yadda kowa ke kiranta a wurin aikinmu, ta riga ni zuwa cibiyar nan da shekaru masu yawa, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba. Duk ranar da na yi mata gardama sai ta ɗaga gira ta ce, "Ke fa 'yar nan, lokacin da na fara wanke kwalba a gidan nan ko takalminki ba ki iya ɗaurawa ba." Ni kuwa ban iya yin shiru ba tun ina yarinya, don haka kullum sai mun yi.

Cibiyar binciken cututtuka ce. Ni ce mai kula da laburare a hawa na sama, ita kuma mai wanke kwalaben gwaji a can ƙasa, a ƙarshen wata doguwar baranda mai warin sinadari. Ɗakinta yana da manyan bahuna na ƙarfe, da kantoci cike da gilasai a kife, da wata ƙatuwar tukunya da ake dafa kwalabe a ciki don kashe ƙwayoyin cuta. Idan tukunyar nan ta fara huci, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Inna ta raɗa wa kowace irin kwalba suna. Akwai mai dogon wuya, akwai mai tumbi, akwai wasu 'yan sirara da take kira marasa kunya, domin su ne ke suɓucewa daga hannu su fashe. Safar hannu kuwa sai ta ji takun shugaban sashe take sakawa. Tafin hannunta ya yi kaushi, faratanta gajeru ne masu tauri, da su take kankare rubutun da masu bincike ke yi a jikin gilashi.

Mijinta direban cibiyar ne. Ya kwanta ciwo na ɗan lokaci ya rasu, ya bar ta da yara maza biyu da jaririya a goye. Aka tausaya mata aka ba ta aikin wanki, ta riƙe shi hannu bibbiyu. Mazan sun girma sun tafi neman na kansu a wasu garuruwa, sai gaisuwa ta waya. Wadda ta rage mata a ɗaki ita ce Auta.

Sai na faɗi nawa aikin, domin ba don shi ba da wannan labarin bai faru ba. Idan mai bincike ya gano wani abu, yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar masana. Mujallun nan iri biyu ne. Akwai masu kulle, waɗanda sai ka biya kafin ka karanta, ko da kuwa a kan ciwon da ke jikinka aka yi rubutun. Akwai kuma na buɗe, waɗanda kowa a duniya zai iya karantawa a intanet, ya sauke, ya kwafa, ya raba wa wasu. Kowace shekara ni ke ƙirga maƙalun cibiyarmu in gaya wa Darakta kashi nawa cikin ɗari ne a buɗe. Da na kama aikin ko rabi ba mu kai ba. Na bi ofis-ofis ina damun mutane har suka sa mini suna Malama A-Buɗe, wasu ma idan sun hango ni a baranda sai su shige banɗaki. Ban damu ba. Na ga likitan ƙauye da ya zo har laburarena yana roƙon takarda guda da aka kulle, alhali a asibitinsa aka ɗebi jinin da aka yi binciken da shi. Tun daga ranar na ɗauki abin da zafi.

Inna ba ta taɓa ɗaukar aikina aiki ba. "Ke dai kin huta," in ji ta. "Mutane su rubuta, ke ki ƙirga, wata ya ƙare a ba ki albashi. Allah ya ba mu irin sa'arki."

Auta tana da wani ciwo mai dogon suna, wanda likitoci da yawa ke gama aikinsu su yi ritaya ba su taɓa ganin irinsa ba. Ya fara mata tun tana shekarun shiga makaranta. Fatar kumatunta da wuyanta ta riƙa kauri tana yin ƙulli-ƙulli, har ya zama idan ta fita sai an bi ta da kallo. Ta daina zuwa makaranta saboda kallon nan, ba don karatun ya gagare ta ba. Inna ta sama mata keken ɗinki aka ajiye a bakin taga, ta koya, hannunta ya faɗa. Matan layinsu suna kawo mata ɗinki, ta karɓa ta bayan labule.

Duk ranar da ta zo ganin likita, a laburarena take jira, domin duk faɗin cibiyar babu inda ya kai nan rashin mutane. Takan zauna a kujerar lungu ta sassauta mayafinta. A nan na san idonta. Manya ne, farare tas, kuma suna riga bakinta dariya. Bakin kuwa ba dama. Ranar farko da ta saba da ni ta dubi siket ɗina ta ce, "Anti, wanda ya ɗinka miki wannan, kun taɓa faɗa ne?" Na ce ta yi mini shiru, ta ce in kawo ta gyara kafin in ƙara ba mutane dariya. Na kai, ta gyara.

Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, shi ne hoto. Idan aka ɗaga waya a taro, Auta ta ɓace. Idan yayyenta suka zo suka ɗauke ta ba ta sani ba, sai ta lallaɓa ta karɓi wayar ta goge. Inna ba ta taɓa matsa mata ba.

Likitan da ke duba ta mutumin kirki ne, sai dai kullum tafiyarsa kamar an biyo shi. Ya shafe shekaru yana fama da ciwon nan, ya gwada wannan ya gwada wancan, har ya dace da wani haɗin magani da ya sassauta mata. Ya ga ya kamata sauran likitoci su sani. Amma maƙala irin wannan ba ta cika sai da hoto. Ya zaunar da su biyun ya yi musu bayani, ya ce za a rufe idonta da baƙin layi kamar yadda aka saba, kuma ya gaya musu kowa zai iya gani. Bai ɓoye komai ba, wannan zan shaide shi. Inna ta buɗe baki za ta ce a'a, sai Auta ta riga ta.

"A ɗauka," ta ce. "Idan akwai wata irina a wani wuri, ta san ba ita kaɗai ba ce."

Ranar ɗaukar hoton ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki. Ta ɗaura wani kallabi shuɗi da ta yi wa ado da zare rawaya a baki-baki, irin adon da aka san hannunta da shi, ta ari 'yan kunnen Inna. Mai hoton cibiyarmu mutum ne mai surutu, wanda ya saba ɗaukar sauro da tsutsa. Da ya ga ta sandare a kujera kamar gunki sai ya ce, "Kai, alhamdulillahi, yau na samu wadda ba sai na soke ta da allura za ta tsaya ba." Auta ta fashe da dariya, shi kuma ya danna. Wannan hoton bai shiga maƙala ba, domin masana ba sa son dariya a takardunsu. Amma Inna ta gan shi a bayan kyamara, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a yi sauri tukunyarta na kan wuta.

Da maƙalar ta kammala Likita ya hau sama ya tambaye ni inda ya dace a kai ta. Na ce mujallar buɗe mana, ai ba sai an tambaya ba. Ta fito, na ƙara ta a lissafina. Ba a daɗe ba wani likita daga wata ƙasa mai nisa ya rubuto cewa yana da yarinya mai irin ciwon, ya karanta, ya gwada maganin, kuma an ga sauƙi. Likita ya karanta wa Auta saƙon a laburarena. Ta sa ya maimaita. Duk wannan makon Inna tana wanki tana waƙa, har ta ce da ni, "Ashe ƙirgarki tana da amfani." Ban taɓa jin daɗin aikina kamar lokacin ba.

Bayan kamar shekara guda, wata safiya ina jera mujallu, sai na ji an banko ƙofa. Inna ce, da rigar aiki, tana haki. Tun da nake ba ta taɓa hawowa sama ba, kullum cewa take gwiwarta ba ta bene ba ce. Ta shimfiɗa wata takarda a kan teburina, yagaggiya, bayanta duk busasshen gam.

Fosta ce ta wani mai sayar da maganin ƙarya a kwalba, irin masu cewa suna warkar da komai daga ƙuraje har zuwa rashin haihuwa. A hagu ga Auta, da kallabinta da baƙin layinta, an rubuta KAFIN da manyan baƙaƙe. A dama ga wata yarinya mai sumul ɗin fuska, an rubuta BAYAN. A ƙasa lambar waya.

"A tashar mota na ciro," in ji Inna. "Akwai a jikin turken lantarki na bakin layinmu. Akwai a bangon makarantar yara. Wa ya ba shi?"

Na ce, "Inna, zauna tukuna."

"Ban zo zama ba. Wa ya ba shi hoton 'yata?"

Na ce ba wanda ya ba shi, ɗauka ya yi, domin maƙalar a buɗe take. Na fara yi mata bayanin cewa abin da ya yi ya saɓa ƙa'ida, ba a yarda a yi talla da shi haka ba, amma ina magana ina jin yadda maganar ba ta da nauyi a bakina. Ta bar ni na gama.

"To ki rufe," ta ce. "Ke kika buɗe, ki rufe."

Baƙin layin nan bai ɓoye komai ba. Rabin matan layinsu suna da kallabi mai wannan adon daga hannunta, kuma kowa ya san 'yan kunnen Inna. Kafin mako ya zagayo yara sun fara tsayawa a bakin tagar Auta suna kiran "Kafin! Kafin!" su ruga. Wata maƙwabciya, wai ita mai tausayi, ta shigo har ɗaki tana tambaya ko nawa mai maganin ya biya su. Auta ta janye kekenta daga bakin taga ta mayar da shi lungu.

Aka kira lambar da ke kan fostar, aka yi barazana, sai aka kashe layin, sabuwar fosta ta fito da wata lambar. Mutumin kamar iska, ba shago ba adireshi. Inna ba ta jira kowa ba. Duk ranar hutu sai ta ɗauki bokiti da soson ƙarfe ta shiga gari. Na taɓa hango ta daga cikin mota a bakin tasha, ta jiƙa bango tana kankara da farce, masu lodi suna kallonta suna zaton ta taɓu. Na sauka na kama mata. Ba ta ce mini sannu ba, ba ta kuma kore ni ba.

A cibiya aka kafa kwamiti, kamar yadda ake yi duk lokacin da ba a san abin yi ba. Suka sha shayi suka ce an bi ƙa'ida, kuma gaskiya ne an bi. Ni na zauna na dinga rubuta wa mujallar nan, suna ba ni amsa mai ladabi da ba ta ce komai ba, ina sake rubutawa da ƙarancin ladabi. Bayan watanni suka cire hoton daga shafinsu, ni ma na cire namu. Amma abin da aka buɗe ya riga ya bazu. An sauke shi, an kwafa, an ajiye a wuraren da ban ma san da su ba. Na gaya wa Inna gaskiya, cewa waɗannan sun fi ƙarfina.

"To wanda bai fi ƙarfinku ba fa?" ta ce. "Na cikin gidan nan?"

Tana nufin hotunan asali, marasa layi, da ke wurin mai hoto. Likita ya yi ƙoƙarin rarrashinta. Ya ce, "Inna, waɗannan a kulle suke, ba wanda zai gan su."

"Likita, kana da alheri a wurina, ba zan manta ba," ta ce. "Amma muddin fuskar yarinyar nan tana cikin na'urarku, ni ba ni da barci."

Haƙƙinsu ne, ba wanda ya isa ya hana. Muka tafi ɗakin mai hoto, ni da ita. Ta tsaya a kansa ta harɗe hannu. Ya goge na kwamfuta, ta ce saura na kyamara. Ya goge, ta ce ta ji ana ajiye wasu a wani akwati don gudun ɓata, shi ma a buɗe. Duk surutun mutumin nan ranar ya ɗauke. Da ya zo kan na dariyar sai hannunsa ya tsaya.

"Inna, ko wannan guda ɗaya in wanke miki ki tafi da shi gida? Ba zan bar komai a nan ba, wallahi."

Ta kalli hoton.

"Goge," ta ce.

Ya goge.

Daga nan Auta ta daina zuwa asibiti, domin hanyar sai ta bi ta tasha. Likita yakan je gidan idan ya samu sarari, yana ɗauke da jakarsa, amma akwai gwajin da ba a yin sa a ɗaki. Ciwon ya sauka mata a ƙirji. Likita ya ce dama haka yake yi wa wasu, ko da fosta ko babu. Wataƙila gaskiyarsa ne, wataƙila kuma don ya kwantar mana da hankali ya faɗa. Ban sani ba, kuma na daina tambaya. Ta rasu wata safiya ana yayyafi, kanta a cinyar uwarta. Na yi kuka kamar ƙanwata ce, har yau siket ɗin da ta gyara mini yana nan ban iya sakawa ba.

Inna ta dawo aiki da wuri fiye da yadda kowa ya zata. Kwalabe suna fita tas kamar da, amma ba waƙa, ba tsiya. Idan na sauka in tsokane ta sai ta ce, "Sannu, Malama." Malamar nan ta fi zagi ciwo a wurina. Na fi son ta ce mini 'yar nan.

Damina ta wuce, wata daminar ta kusa, sai na sake jin takunta a bene. Wannan karon a hankali take hawa, kuma ta ƙwanƙwasa. Ta nufi kujerar lungu ta zauna, ban san ko ta san kujerar wa ce ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"'Yar nan," ta ce, "hoton nan. Kin ce akwai waɗanda suka fi ƙarfinki."

Na ce akwai.

"Suna nan har yanzu?"

Na ɗauka wata fostar ta gani, har raina ya fara ɓaci. Ta girgiza kai.

"Fuskarta ce take guduna," ta ce. "Muryarta tana nan. Ƙarar kekenta ma ina ji. Amma in na rufe ido in gan ta, sai abin ya narke. Na zazzage ɗaki kaf. Na sa yayyenta sun duba wayoyinsu. Hoto ɗaya ne, tana jaririya a zane, kuma jariri ai duk ɗaya ne. Sai wani na taro da aka samu gefen kafaɗarta. Shi ke nan abin da na mallaka."

Na juya ga kwamfuta don kada ta ga fuskata. Na shiga neman abin da na shafe watanni ina tsine wa. Shafin mujallar babu, namu babu, ni da hannuna na tabbatar da hakan. Na yi ta tono har na faɗa wani rumbun maƙalu na wata jami'a a wata ƙasa, da rubutun da ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba. Wani bawan Allah da bai san mu ba ya ajiye maƙalar yadda ta fara fitowa. Ga kallabi shuɗi, ga zare rawaya, ga 'yan kunne. Na buga a takarda mai kyau na miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗaga shi wajen hasken taga, yadda take ɗaga kwalba ta duba ko ta fita. Ta shafa kumatun, ta shafa kallabin.

"Ita ce," ta ce. "To cire mini wannan baƙin."

Na ce ba ya ciruwa.

"Ba ɗora shi aka yi ba? Idon ai yana ƙasa."

Na yi mata bayani a hankali. Na ce kafin a aika wa mujalla an haɗe layin da hoton sun zama abu ɗaya, babu komai a ƙarƙashinsa. Da gangan ake yin haka, don kada wani ya cire ya gane mai hoton. Na ce mai ido a buɗe sai na asali. Ban ƙarasa ba, domin ita ma ta san inda na asalin ya tafi.

Duk da haka muka je wurin mai hoto. Mutumin nan ya zazzage durowarsa, ya gwada duk wani tsohon katin kyamara da ya mallaka, ya kira wani abokinsa da ya iya dawo da abin da aka goge. Abokin ya ce an daɗe, an ɗora dubban hotunan sauro a kan wurin. Da ya rasa yadda zai yi sai ya ce yanzu kwamfuta tana iya cike gurbi, ta zana ido inda babu. Inna ta ce a gwada. Ya tambaye ta kamanninsu, ta ce manya ne, irin na babanta. Ya yi ta dannawa yana gyarawa, sannan ya juyo mata da allon. Wata yarinya ce a cikin kallabin Auta, da manyan idanu masu kyau, tana kallonmu.

Inna ta matso ta duba sosai.

"Kyakkyawa ce," ta ce. "Allah ya raya wa iyayenta. Amma ba tawa ba ce."

A kan bene, muna komawa, ta tsaya ta dafa bango don gwiwarta. Ba ta kalle ni ba ta yi maganar.

"Ranar da na sa aka goge, na koma gida ina jin kamar na ci yaƙi. Na ce mata, 'Auta, kwantar da hankalinki, na sa sun share duka.' Ta ce, 'Har da wanda na yi dariya?' Na ce har da shi. Sai ta ce, 'Ayya Inna, da kin bar mini wannan. Shi kaɗai ne na taɓa gani na ce ashe ni ma ba laifi.'" Ta gyara mayafinta. "Ban tambaye ta ba, 'yar nan. Fuskarta ce, amma ban tambaye ta ba."

Na riƙe mata hannu muka ƙarasa hawa.

A taron ƙarshen shekarar nan na tsaya gaban ma'aikata na karanta lissafina. Maƙalunmu na buɗe sun haura kashi tamanin cikin ɗari, abin da ba mu taɓa yi ba. Darakta ya miƙe ya ce a tafa wa Malama A-Buɗe, aka tafa. Maƙalar Auta tana cikin lissafin shekarun baya, layi ɗaya a cikin layuka. Ban daina aikina ba, kuma ban daina yarda da shi ba. Akwai wata yarinya a wata ƙasa da take numfashi da sauƙi saboda Auta ta zauna a gaban kyamara. Sai dai yanzu duk wanda ya kawo mini maƙala mai fuskar mutum a ciki, sai ya zauna mun yi doguwar magana, ko ya so ko bai so ba. Kuma ranar taron, ana tafi, ni ƙofa nake kallo, inda Inna ke tsaye da rigar aiki tana jiran a tashi ta kwashe kofuna.

Bayan 'yan makonni ta sake hawowa. Ta zaro hoton daga cikin mayafi ta ajiye a teburina, tana kallon gefe kamar yarinyar da ta fasa abu.

"Ko za ki sake buga mini? Wannan ya lalace."

Na duba. Kallabin yana nan, kumatun suna nan. Wurin baƙin layin ne aka kankare da farce, a hankali, kaɗan-kaɗan, har takardar ta huje. Ta cikin hujin ina ganin katakon teburina.

"Na san kin gaya mini," ta ce. "Hannun ne ba ya ji."

Na buga mata wani. Da ta tafi na buga da yawa na zuba a durowa. Takan zo lokaci-lokaci, idan aiki ya yi sauƙi kuma gwiwa ta yarda. Ta ajiye mai huji, in miƙa mata sabo, ta ɗaga shi wajen taga ta duba, sannan ta sa a mayafi ta sauka. Ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta sake yin bayani ba.